Saga Communications: kamfanin da ya nemi abincinsa a ƙananan garuruwan Amurka

A Amurka ana jera garuruwa ne bisa yawan masu saurare da masu kallo, kuma wannan jerin shi ke yanke farashin talla. New York ce ta ɗaya, Los Angeles ta biyu. A ɓangaren talabijin, kamfanin Nielsen ya kasa ƙasar gida 210, kowane yanki da lambarsa. Manyan kamfanonin yaɗa labarai suna rububin ashirin ɗin sama, don can ne kuɗin manyan 'yan talla yake. Saga Communications kuwa, kamfanin gidajen rediyo, tun kafuwarsa a 1986, daga na 20 zuwa wajen na 200 yake farauta, kuma yawancin abin da ya mallaka yana can ƙasan jerin. Abin da ya ja hankalina a tarihinsa shi ne, kamfanonin da suka ninka shi girma sau goma ko fiye sun je kotun fatara ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa bai taɓa zuwa ba.

Edward K. Christian ne ya kafa shi. Tun yana yaro ya shiga aikin rediyo a jihar Michigan, ya shugabanci tashar WNIC ta yankin Detroit, daga baya ya riƙe sashen rediyo na kamfanin Josephson. Da Josephson ya tashi fita daga harkar, sai Christian ya haɗa masu zuba jari ya sayi tashoshin da yake kula da su, cikinsu har da na Columbus a Ohio, da Milwaukee a Wisconsin, da Norfolk a Virginia. Hedikwatar kamfanin tana Grosse Pointe Farms, kusa da Detroit. A ƙarshen 1992 ya shiga kasuwar hannun jari, amma da wani tsari da ya yi tasiri a kan duk abin da ya biyo baya: hannun jarin kashi biyu ne. Na jama'a kowanne ƙuri'a ɗaya gare shi, na Christian kuwa kowanne ƙuri'a goma. Wato ya karɓi kuɗin jama'a, amma linzamin bai bar hannunsa ba har ya rasu.

Sai an san dokar mallaka kafin a gane dalilin da kamfanin ya girma yadda ya girma. Hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta kafa ƙa'ida tun farkon shekarun 1950 cewa mutum ɗaya ba zai wuce tashar AM 7, FM 7 da talabijin 7 ba a faɗin ƙasar. A tsakiyar shekarun 1980 aka ɗaga zuwa 12 kowanne. A gari ɗaya kuwa AM ɗaya da FM ɗaya kawai aka yarda. A daidai wannan lokacin hukumar ta buɗe gurabun FM sababbi ɗaruruwa, yawancinsu a ƙananan garuruwa, sai tashoshi suka yi yawa alhali kuɗin talla bai ƙaru ba. Zuwa farkon shekarun 1990 tashoshi da dama asara suke tafkawa. Wannan ya sa a 1992 aka yarda mutum ya riƙe AM biyu da FM biyu a manyan kasuwanni. Sai babbar dokar sadarwa ta 1996, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a watan Fabrairu, ta cire iyakar ƙasa baki ɗaya a rediyo, ta bar iyakar gari kaɗai. Inda tashoshi suka kai 45, mutum zai iya riƙe 8, amma kada su wuce 5 a AM ko 5 a FM. Daga 30 zuwa 44, bakwai. Daga 15 zuwa 29, shida. Inda ba su wuce 14 ba, biyar, da sharaɗin kada ya haura rabin tashoshin garin.

Ribar tara tashoshi a gari ɗaya a fili take. Gini ɗaya, manaja ɗaya, injiniya ɗaya, akanta ɗaya, masu neman talla rukuni ɗaya, amma zango biyar ko shida, kowanne da irin masu saurarensa: wannan na waƙoƙin karkara, wancan na labarai da hira, wani na tsofaffin waƙoƙi, wani na matasa. Mai neman talla idan ya shiga wajen dillalin motoci, yana iya sayar masa da kunnen maza 'yan shekara 25 zuwa 54 a tasha ɗaya, da na mata a wata, duk a takarda guda.

Kowa ya ga wannan, don haka farashi ya yi tashin gwauron zabi. Ana sayen tasha ne da ninkin ribar da take samarwa a shekara kafin a cire kuɗin ruwa da haraji, kuma a ƙarshen shekarun 1990 ninki goma sha wani abu ya zama ruwan dare. Ga lissafin da ya kayar da mutane da yawa, a matsayin misali kawai. A ce rukunin tashoshi yana sayar da tallar dala miliyan 2 a shekara, yana kashe miliyan 1.5, saura dubu 500. Ka saye shi da ninki 12, wato miliyan 6, ka ranto miliyan 4 da ruwan kashi 8 cikin 100. Ruwan kaɗai dubu 320 ne a shekara. Lafiya lau, muddin talla na shigowa. To amma kuɗin tafiyar da gidan rediyo kusan duk tsayayye ne. Wutar da na'urar watsa shiri ke sha ba ta raguwa don talla ta ragu, haka hayar fili, haka albashi. Ran da talla ta faɗi da kashi 20, dubu 400 sun tafi, riba ta koma dubu 100, ruwan bashi kuma yana nan a dubu 320. Tashar tana da lafiya, masu saurare suna nan, amma mai ita ya karye. Abin da ya faru ke nan a babban sikeli. Clear Channel ya tara tashoshi wajen 1,200, aka ɗora masa bashin kusan dala biliyan 20 a cinikin 2008, ya koma iHeartMedia, ya shiga kotun fatara a Maris 2018. Citadel ya shiga a Disamba 2009, Cumulus a Nuwamba 2017, Audacy a Janairu 2024.

Saga ya yi sayayya a waɗannan shekarun, amma ɗaya bayan ɗaya, kuma da zaɓe. Christian ya sha faɗin irin garin da yake so: babban birnin jiha, ko garin jami'a, ko mai barikin soja da ba a sa ran rufewa, ko cibiyar noma, ko wurin yawon buɗe ido. Abin da yake gudu shi ne garin da ya rataya a wuyan masana'anta guda, wanda ran da aka rufe ta kowa zai daina talla a wata ɗaya. Duba taswirar kamfanin za ka ga ƙa'idar tana aiki. Des Moines babban birnin Iowa ne, Springfield na Illinois, Columbus na Ohio. Champaign garin Jami'ar Illinois ne, Ithaca na Cornell, Charlottesville na Jami'ar Virginia. Clarksville a Tennessee tana jikin barikin Fort Campbell, Norfolk kuma mazaunin rundunar sojan ruwa ce. Albashin gwamnati da na jami'a da na soja ba ya tsayawa don kasuwa ta faɗi, kuma wannan albashin ne ake kashewa a shagon da ke biyan talla. Sharaɗi na biyu, yana son tashar da ta riga ta zama ta ɗaya ko ta biyu a irin shirinta. Bai cika sayen matacciya da niyyar tayar da ita ba.

Cinikin kansa yana da matakai da ba a tsallakewa. Lasisi ba dukiyar mai tasha ba ce, amana ce ta shekara 8 da ake sabuntawa, don haka ba a miƙa shi sai da yardar FCC. Bayan an sa hannu a yarjejeniya, mai saye ya ajiye kafin alƙalami a hannun wani amintacce, sai a shigar da takardar neman sauya mallaka, tashar ta sanar da jama'a a kan iska, a bar kwana 30 ga duk mai ƙorafi. Idan hukumar ta amince, masu taka-tsantsan sukan jira wasu kwana 40 har amincewar ta zama ba ta da ɗaukaka ƙara kafin su biya sauran kuɗin. A tsakani, sau da yawa mai saye kan yi hayar lokacin tashar ya fara tafiyar da shirye-shirye da talla, amma alhakin lasisin yana kan mai sayarwa. Inda mai saye kan ƙone hannu shi ne wajen duba kaya. Filin da turken eriya yake, mallaka ne ko haya, kuma shekara nawa suka rage? Wayoyin da ke ɗaure da turken sun yi tsatsa? Akwai tallar da aka riga aka karɓi kuɗinta, ko aka yi musayarta da mota ko kujeru, wadda sabon mai gida zai watsa kyauta? Basussukan da ake bin 'yan talla, nawa ne suka haura kwana 90, waɗanda da wuya su dawo?

A cikin duk abin da Saga ya saya, WNAX ta Yankton a South Dakota ce ta fi nuna yadda ƙaramin gari ke iya ɓoye babbar kasuwa. Ya saye ta a 1996. Tasha ce tun 1922, tana kan kilohaz 570 da ƙarfin wat 5,000 kacal, amma da rana ana jin ta a sassan jihohi biyar. Dalili biyu ne. Siginar AM da rana ƙasa take bi, kuma ƙasar wannan yankin tana ɗaukar lantarki sosai. Sannan duk lokacin da lambar zango ta yi ƙasa, siginar ta fi nisa da ƙarfi iri ɗaya. Babban turkenta ya haura ƙafa 900, kuma a AM turken kansa shi ne eriyar, yana tsaye a kan wani abin tangaran da ya raba shi da ƙasa. Rabin aikin kuwa a binne yake. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce a shimfiɗa wayoyin jan ƙarfe 120 daga gindin turke zuwa kowace kusurwa, kowace tsawonta kwata na tsawon igiyar siginar. A kan 570 wannan ya kai wajen mita 130 kowace waya, jimilla kusan kilomita 16 na jan ƙarfe ga turke ɗaya. Idan suka ruɓe, ko garma ta tsinke su, ko ɓarayin jan ƙarfe suka tone su, na'ura za ta ci gaba da nuna wat 5,000 cif, amma garuruwan gefe su daina ji, kuma ba a ganewa sai ƙorafi ya fara zuwa. Da dare kuma siginar AM takan yi tsalle daga sama ta faɗa ɗaruruwan kilomitoci, shi ya sa doka ta tilasta wa tashoshi da yawa su rage ƙarfi ko su karkata siginar da faɗuwar rana. Manomin da ke cikin tarakta yana jiran farashin masara da waken suya da shanu shi ne mai sauraron WNAX, kuma kamfanonin iri da taki da maganin feshi suna biya da kyau don su isa gare shi. Lambar Yankton a jerin garuruwa ba ta nuna wannan ko kaɗan.

Sauran abubuwan da ke cin kuɗi a ɓoye ba su da daɗin ji amma dole ne. Turken da ya wuce ƙafa 200 sai an yi masa rajista da fitila, kuma idan fitilar sama ta mutu aka kasa gyarawa cikin minti 30, sai an sanar da hukumar jiragen sama. Ƙanƙara kan daskare a eriyar FM ta mayar da wuta baya cikin na'ura, sai na'urar ta rage ƙarfi don kare kanta. Tsawa kan bi bututun da ke kai sigina sama ta ƙone shi. Akwai gwajin na'urar gargaɗin gaggawa na mako-mako da na wata-wata, wanda rashin rubuta shi kan jawo tara. Akwai kuɗin mawallafa waƙa da ake biyan ASCAP da BMI da SESAC. Christian ya daɗe yana shugabantar kwamitin da ke ciniki da waɗannan ƙungiyoyi a madadin gidajen rediyon ƙasar.

Ta ina kuɗin ke shigowa? Fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin tallar rediyon Saga daga cikin gari yake fitowa: dillalan motoci, asibitoci, bankunan yanki, masu kayan ɗaki, lauyoyi, masu gyaran rufi. Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin. Tallar da ta zo ta hannun kamfanin dillancin talla ana cire mata la'adar kashi 15, kuma mai sayenta alƙaluman masu saurare kawai yake kallo, gobe idan wata tasha ta fi araha can zai koma. Mai shago kuwa da ya san mai neman tallar shekara goma, wanda ya ga motar tashar ta zo ƙofar shagonsa ranar Asabar ana watsa shiri kai tsaye, mutane suka cika wurin, ba ya tafiya da sauƙi. Shi ya sa kamfanin ya bar kowane gari da manajansa da sunansa na gida, ba a cika jin sunan Saga a kan iska ba. Ya kuma riƙe sashen labarai da masu gabatar da shirin safe 'yan gari a lokacin da wasu ke naɗar muryar mutum ɗaya daga nesa su rarraba wa garuruwa goma. Haɗarin waccan hanyar ya bayyana a Minot, North Dakota, a Janairu 2002, lokacin da jirgin ƙasa ya kauce cikin dare ya saki iskar amoniya mai guba a gari. Tashoshin kasuwanci shida na garin duk na Clear Channel ne, kuma jami'ai suka sha wuya kafin su samu wanda zai sanar da jama'a. An yi ta musu kan laifin na'urar gargaɗi ne ko na rashin ma'aikata, amma lamarin ya zama abin misali a duk muhawarar mallaka. Duk da haka a 2017 FCC ta soke dokar da ta wajabta wa tasha ta riƙe situdiyo a garinta. A ganina kuskure ne, domin a ƙaramin gari ba wata kafa da ke maye gurbin mutum mai rai a gaban makirufo ran da ruwa ko guguwa ta zo.

Talabijin ya shigo a 1994, da sayen KOAM mai hidimar Joplin a Missouri da Pittsburg a Kansas. A 1999 aka ƙara KAVU a Victoria, Texas, da WXVT a Greenville, Mississippi. Victoria tana can wajen na 200 a cikin 210, kuma abin da aka yi a can darasi ne a kan yadda ake matse riba daga ƙaramar kasuwa. A lokacin doka ba ta yarda mutum ɗaya ya riƙe manyan tashoshin talabijin biyu a irin wannan gari ba, amma ba ta ƙirga tashoshi masu ƙaramin ƙarfi. Sai Saga ya riƙe shirye-shiryen babbar kafar ABC a kan KAVU, ya ɗora NBC da CBS da tashoshin Sifaniyanci na Univision da Telemundo a kan ƙananan, yana kuma tafiyar da tashar Fox ta garin bisa yarjejeniya da wani kamfani mai suna Surtsey, wanda 'yar Christian ce ta mallaka. Haka aka yi da tashar Fox ta Joplin. Abin yana kan doka, kuma kamfanin ya bayyana shi a takardunsa ga masu hannun jari. Amma ba zan ɓoye ba, gari guda ya wayi gari kusan duk labaransa na talabijin daga ɗaki ɗaya suke fitowa, kuma wannan ba alheri ba ne ga gari ko da masu ɗakin mutanen kirki ne. Hujjar ɗaya ɓangaren ita ce garin ba zai iya ciyar da ɗakin labarai biyu ba, kuma akwai gaskiya a ciki.

Daga nan lissafin talabijin ya juya. Komawa dijital, wadda aka kammala a watan Yuni 2009, ta tilasta wa kowace tasha sayen sabuwar na'ura da eriya, kuɗin kuma kusan ɗaya ne ko garinka na 5 ne ko na 205. Sannan kuɗin da kamfanonin kebul da na tauraron ɗan'adam ke biya don ɗaukar tasha, wanda dokar 1992 ta ba da dama, ya zama babbar hanyar shiga. Wanda ke da tashoshi a garuruwa 100 yana iya cewa a biya ko ya janye su duka, mai garuruwa biyu ba shi da wannan sandar. Su kuma ABC da CBS da sauransu, da a da suke biyan tashoshi don su ɗauki shirinsu, suka koma karɓar kaso. Manyan kamfanoni irin su Nexstar da Sinclair da Gray suka yi ta haɗiye ƙanana. Saga ya sayar da ta Greenville a 2013, a 2017 kuma ya sayar da Joplin da Victoria ga Morgan Murphy Media a kan dala miliyan 66.6. A wannan shekarar ya sayi tashoshin rediyo a Charleston da Hilton Head, South Carolina, a kan miliyan 23. Ya sayar ne lokacin da masu saye ke layi.

Ba wai rikicin tattalin arziki na 2008 bai taɓa shi ba. Bashinsa a lokacin ya haura dala miliyan 100, tallar motoci ta rushe, hannun jarin ya faɗi har a Janairu 2009 aka haɗe kowane huɗu suka koma ɗaya don farashin ya tashi. Bambancin shi ne bashin bai fi ƙarfin ribar ba, kuma shekarun da suka biyo baya biyan sa aka yi ta yi maimakon sabuwar sayayya. Da annobar korona ta zo, kuɗin shiga ya sauka daga wajen miliyan 123 a 2019 zuwa wajen 96 a 2020, kamfanin bai girgiza ba, zuwa ƙarshen 2021 ma ya gama biyan banki. Hanyar faɗaɗawa mai araha da ya kama a waɗannan shekarun ita ce ƙananan na'urorin maimaita sigina a FM, masu wat 250 zuwa ƙasa. Ba a ƙirga su cikin iyakar mallaka. Tun 2009 an yarda tashar AM ta maimaita shirinta a kansu, ana kuma iya ciyar da su daga tasha ta biyu da ke cikin siginar dijital ta babbar FM, sai a samu sabuwar tasha sukutum da kuɗi kaɗan. Wat 250 a kan dogon turke ya isa ya rufe ƙaramin gari. Rauninsu shi ne ba su da kariya: idan babbar tasha ta yi ƙorafin kutse, ƙaramar ce ke sauya zango ko ta yi shiru.

Christian ya rasu a watan Agusta 2022 yana da shekara 78, yana kan kujerarsa. Da rasuwarsa hannun jarinsa masu ƙuri'a goma suka koma na ƙuri'a ɗaya kamar na kowa, wato garkuwar da ta hana masu neman ribar gaggawa juya kamfanin ta faɗi. Chris Forgy, wanda ya daɗe yana kula da ayyukan tashoshin, ya karɓi shugabanci a ƙarshen shekarar. A 2024 kamfanin ya sayi tashoshi biyar a Lafayette, Indiana, maƙwabciyar Jami'ar Purdue, a kan dala miliyan 5.3, garuruwansa suka zama 28. Ƙa'idar zaɓen gari ba ta sauya ba, amma dubi farashin: tashoshi biyar a garin jami'a da kuɗin da a 1999 mai FM ɗaya mai kyau zai iya raina shi.

Abokin gasar yanzu ba tashar da ke ƙetaren titi ba ce. Dillalin motocin nan da mai gyaran rufin sun karkatar da kaso mai yawa na kuɗinsu zuwa Google da Facebook, inda suke ganin adadin waɗanda suka latsa tallarsu a ranar. Wasu kamfanonin motoci masu lantarki sun cire AM daga motocinsu saboda ƙarar da injin ke sa wa siginar, har aka gabatar da ƙudiri a majalisar dokoki a 2023 don a tilasta mayar da ita. Amsar Saga ita ce ya koya wa masu neman tallarsa su sayar da biyun tare, rediyo ta sa sunan shago a kunne, tallar intanet ta kama mutum lokacin da ya tashi nema, ya kuma buɗe shafukan labaran gari a wuraren da jaridu suka mutu. Matsalar tana cikin lissafin. Minti ɗaya na talla a tasharka kusan duk kuɗin naka ne, domin iskar taka ce. Tallar da ka sayo daga Google ka sayar wa abokin cinikinka kuwa, sai ka fara biyan Google, abin da ya rage maka kaɗan ne, don haka dala ɗaya da ta bar rediyo sai an samo fiye da ɗaya a intanet kafin a biya albashin mai karanta labaran safe da injiniyan da ke hawa duba turke.